Ni ne wanda aka ce ya zautu saboda hawan dutse

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina so in rubuta wannan labarin, kullum sai in ce wa zai tsaya karanta tarihin mutumin da ba abin da ya sa a gaba sai hawa dutse da ratsa daji. To shekaranjiya wani yaro ya turo min saƙo wai yana so ya san nawa ake biyana a kan hotunan da nake sakawa a Facebook, kuma wace ƙungiya ce ta ɗauke ni, in taimaka in sa shi a layi, na yi ta dariya har uwargida ta leƙo daga madafa tana tambayar lafiya. Wallahi ko sisi ba mai ba ni, ni ne ma nake ƙona man mashin ɗina. Bari dai in ba ku abin tun daga tushe, ku yi haƙuri in ya yi tsawo, ni ba marubuci ba ne, ɗan kasuwa ne da kasuwa ta yi wa tutsu.

Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Rano, ba sai na kama suna ba, wanda ya san ni ya san shi. Duk wanda ya taɓa bin hanyar nan ya san ƙasar Autan Bawo ƙasar duwatsu ce, wasu a zube kamar an juye su daga kwando, wasu kuma falale ne guda ɗaya sumul kamar bayan giwa. A bayan garinmu akwai wani babba, a gindinsa aka haife ni, a gindinsa na yi kiwon awakin Inna, amma har na bar gida ina ɗan shekara 16 ban taɓa kaiwa samansa ba, ban kuma taɓa jin wani ya ce yana sha'awar kaiwa ba. Dutse a gurinmu gurin shanyar barkono da kuɓewa ne, gurin da birai suke saukowa su yi mana ɓarna a gyaɗa, sannan gurin da ake ja wa yara kunne kar su kuskura su je da tsakar rana ko gab da magariba saboda mutanen ɓoye. Iyakarsa ke nan.

Na tafi birni na yi yaron shago shekara 9, ubangidana ya sallame ni na buɗe nawa, atamfa da shadda da yadi, Allah Ya sa albarka, na yi aure, na sayi fuloti da 'yar mota, duk Sallah in zo gida da turame in rarraba, in na zo majalisa a tashi a ba ni guri. Dare ɗaya wuta ta tashi a layinmu. Kafin in iso daga unguwarmu ba abin da ya rage sai ƙarfen ƙofa a lanƙwashe, kuma fiye da rabin kayan da ke ciki na mutane ne, bashi na ɗauko saboda Sallah ta matso. Na sayar da fulotin da motar na biya abin da na iya biya, a 2017 na kwaso uwargida da yara 4 da 'yan komatsanmu a akori-kura muka dawo gidan da na fito.

Wanda bai taɓa dawowa ƙauye hannu rabbana ba ba zai gane ba. Mutanenmu ba su yi min mugunta ba, kar in ɗauki alhakinsu, har damin dawa aka yi ta kawo mana, amma jajen ya fi wutar ƙona ni. Ka fito daga masallaci "ya haƙuri", ka je siyan sabulu "ya ƙarin haƙuri", yaron da ka ɗinka wa kayan Sallah bara ya gaishe ka yana sunkuyar da kai don tausayi. Na daina fita. Barci ya ƙaurace min, sai in kwana ina lissafin kuɗin da babu su, ƙeyata tana sara kamar ana buga guduma. Da uwargida ta matsa na je asibiti aka auna ni, ma'aikacin ya sake aunawa, ya ɗago ya kalle ni ya ce Malam da ƙafarka ka zo? Hawan jini ne. Ya rubuta ƙwayoyi, ya ce in rage gishiri, in rage tunani, wanda har yau ban san kemis ɗin da ake sayar da maganinsa ba, sannan in riƙa tafiyar ƙasa ta minti 30 kullum.

To tafiya ina? In na bi ta cikin gari minti talatin ɗin a gaisuwa da jaje zai ƙare. Shi ya sa wata safiya ana sallame asuba na zame ta bayan masallaci na bi burtali na nufi bayan gari, ba don dutsen ba wallahi, don dai can ne ba mutane.

Kaka ce, an yanke gero, raɓa ta jiƙa min ƙafar wando. Ina isa gindin dutsen na ga ba inda zan ƙara gaba sai sama, na ga wata 'yar hanya da kashin awaki a kanta na bi, da silifas fa. Ban yi nisa ba ƙirjina ya fara bugawa kamar kalangu, na zauna, na tashi, na sake zama, sau uku, a zama na ukun ne na ga wata rema a bakin kogo ta zuba min ido ko ƙiftawa ba ta yi, kamar ita ma za ta ce ya haƙuri. Can gaba hancin silifas ɗin ya tsinke na riƙe shi a hannu na ƙarasa ba takalmi, dutsen sanyi ƙalau a tafin ƙafa. A saman akwai wani kwarmi da ruwan damina ya kwanta a ciki, fari tas, na wanke fuska, ina ɗagowa rana tana ɓullowa, sai ga garinmu a ƙasa. Na ga masallaci, na ga kukar bakin kasuwa, na ga rumbunanmu kamar an kifa ƙoƙuna, na gane gidanmu ta dalbejiyar tsakar gida. Wata mata tana daka a wani gida, sai in ga taɓaryar ta sauka shiru, sai ta ɗaga sannan ƙarar ta iso gurina, na daɗe ina kallon wannan kamar yaro. Sai na miƙa hannu haka kawai, tafin hannuna ya rufe garin gaba ɗaya, da majalisar, da masu jajen, da gidan mutumin da yake bina dubu tamanin. Tun ranar gobara ban yi kuka ba, a nan na yi shi, mai sauti, ba mai ji sai iska. Na sauko gwiwa tana rawa, na sha koko, na kwanta, uwargida ta ce sai da ta zo ta duba ko ina numfashi don ban farka ba sai azahar.

Washegari na koma. Jibi ma haka.

Abin da ban yi lissafi da shi ba shi ne a ƙauye ba a tafiya ba dalili. "Ina zuwa?" a gurinmu cikin gaisuwa take, amsoshinta kuma sanannu ne, ko gona, ko itace, ko cigiyar akuya, ko ɗiban sassaƙe, ko farauta. In ka ce ba ko'ina, dutse zan hau in sauko, to ka ba da kanka. Cikin sati 2 magana ta zaga gari. Wasu suka ce asarar ce ta taɓa min kai, wasu suka ce wani boka ne ya gindaya min sharaɗi don dukiya ta dawo, akwai ma wanda ya rantse ya gan ni da diga ina haƙar zinare, ni da ko fartanya ba na ɗauka. Inna ba ta ce min uffan ba, ni ɗan fari ne, ko sunana ba ta faɗa balle ta zaunar da ni, sai dai na fara tarar da kwanon rubutu a ƙofar ɗakina da safe, da daddare kuma uwargida ta shigo da kaskon hayaƙi tana kau da kai ta ce Inna ce ta ce. In shanye rubutun, ai ayar Allah ce, in kama hanyar dutsena.

Da ta ga abin ba na ƙare ba ne sai ta turo min wanta. Kawu tsohon maharbi ne, lokacin ya haura 70, siriri kamar sillen kara. Wata safiya na ƙarasa sama ina haki na tarar da shi a zaune bakin kwarmin nan yana cin goro.

"Kawu ina kwana, ta ina ka hawo?"

"Ta inda mutane suke hawowa. Kai hanyar awaki kake bi, kwana uku ina bin sawunka. Wannan silifas ɗin shi zai kashe ka, ba aljani ba."

Ya ƙare min kallo sannan ya ce, "Uwarka ta ce in duba mata ko kana magana kai kaɗai. Kana yi?" Na ce a'a Kawu. Ya ce, "To ni ina yi, shekara hamsin, ba wanda ya taɓa kawo min hayaƙi." Da muka sauko ya shiga gurin Inna ya ce mata yaron nan lafiyarsa lau, a rabu da shi.

Daga ranar na zama almajirinsa. Shi ya sa na sayi takalmin roba irin na makiyaya, ya ba ni sanda ya ce in riƙa kaɗa ciyawa kafin in taka, kar in zura hannu a kogo ko ƙarƙashin dutse komai abin da na hango, don kububuwa kalar ƙasa ce da ita, kasa kuwa ba ta gudun kowa, tana nan kwance sai ka taka ta. Falalen dutse in ruwa ya taɓa shi kamar an shafa masa karkashi yake, kuma saukowa ta fi hawa kayar da mutum. Dokarsa da ba ya wasa da ita ita ce ta ruwa, in na gorarka ya kai rabi ka juya, ko da saman dutsen yana kiran sunanka. Na taɓa karya ta sau ɗaya a watan Afrilu, na dawo harshena kamar ɓawon rake, ban sake ba.

Abin da ya fi ba ni kunya itatuwa ne. Ni da nake iya gane atamfa kala arba'in da idona a rufe, in dai na taɓa, ban iya bambance marke da ƙirya ba. Kawu sai ya tsaya ya daki gindin bishiya da sanda ya ce wannan fa? In na kasa ya yi tsaki. A haka na san taura da tsada da faru da kaɗanya, na lura da gawo da yake zubar da ganye da damina lokacin da kowa ya yi kore, ya fito da shi da rani lokacin da kowa ya bushe, shi ya sa manomi ba ya sare shi a gona. In ka hango ɗinya da kanya da ɓaure sun jeru sun yi duhu, bi su, akwai rafi. Sai dai rabin darasin Kawu na abin da babu ne. Ya nuna wani fili ya ce nan kurmi ne da, ko da rana ba ka shiga kai kaɗai, a nan kura ta taɓa bi na har bakin gari, a can na harbi gada. Ka duba ba komai sai kututture da baƙin gurbin da aka toya gawayi. Ni ban iya zagin masu gawayin ba, na san yunwa, kuma buhunan nan birni ake kai su, da shi matata ta yi girki shekara da shekaru ban taɓa tambayar daga wane daji ya fito ba.

Da ƙafa ta saba sai dutsenmu ya yi min kaɗan. Na samu wani tsohon mashin, na hau duwatsun Rano, na je Rurum, daga can sama ka hango ruwan Tiga yana ƙyalli kamar sabon kwano a rana. Dam ɗin nan zamanin Gwamna Audu Bako aka tare Kogin Kano aka yi shi, aka gama a 1974, Kawu ya ce ya san garuruwan da aka tasa saboda shi, gonakinsu suna nan ƙarƙashin ruwan. A nan wani tunani ya shige ni, wai shin ruwan nan daga ina yake zuwa, ina kuma yake tafiya? Wannan tambayar ce ta kusa ja min duka.

Kogin daga kudu yake gangarowa, ya ratsa dajin Falgore kafin ya faɗa Tiga. Dajin nan ya taɓa Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, titin Kano zuwa Jos ta cikinsa ya bi, gandu ne na gwamnati mai masu gadi, ba a shigarsa haka siddan, kuma kowa ya san shekarun da ɓarayin shanu suka addabi yankin kafin sojoji su kafa gurin atisaye a ciki. Ni duk na san wannan, amma na ce ai gefe zan tsaya. Na ajiye mashin a gindin wata tsamiya kusa da wani ƙauye, ban yi wa kowa sallama ba, na hau wani tudu da jaka a baya na yi ta ɗaukar hoto, daji iya ganinka, kore shar, ga layin kogin ya yi duhu a tsakiya. Ina saukowa na tarar da mutum bakwai zagaye da mashin ɗin, masu adda, masu gora, biyu da harba-ka-ruga.

"Malam daga ina? Gurin wa ka zo?"

Na ce ba gurin kowa, kallo na zo.

"Kallon me?"

Na ce daji.

Wallahi ni kaina da na ji amsar a kunnena na san na kwafsa. Suka karɓi wayar suka buɗe, me za su gani, hoton hanyoyi, hoton mashaya, hoton wata ruga da shanu a kwance. Wani saurayi a cikinsu ya ce shi ke nan infoma ne. Aka tasa ni a gaba ina tura mashin har ƙofar Mai Unguwa, aka zaunar da ni a ƙasa, kafin ka ce me gari ya taru, yara har kan katanga, ina jin wata mata tana cewa ji shi da fuskar mutanen kirki. Na miƙa katin ɗan ƙasa, Mai Unguwa ya juya shi ya ce kati ai kowa yana da shi, su wa ka sani? Na fara jero dangi, da na ambaci Kawu sai wani tsoho a gefe ya ɗago ya ce mai tabo a gira? Ashe sun yi farauta tare tun suna samari. Aka ce a kira shi, ga ba sabis, sai da wani yaro ya hau kan suri da wayar ya ɗaga ta sama ana ta a sa a sifika, ƙanina ya ruga ya kai wa Kawu tasa wayar. Abin da Kawu ya fara cewa gaban jama'a shi ne, "Ku ba shi bulala biyu tukunna, ban ce masa in ya je gari ya fara gaida masu gari ba?" Guri ya kece da dariya. Aka kawo min fura, Mai Unguwa ya ce Malam ka yi haƙuri, an kore mana shanu a garin nan ba sau ɗaya ba, kuma kullum sai baƙo ya fara zuwa kallo. Na ce ranka ya daɗe ni ne da ban haƙuri. Har yau ban ga laifinsu ba. Tun daga nan duk inda za ni ƙofar mai unguwa nake fara tsayawa da ɗan goro, in faɗi ko ni wane ne, a haɗa ni da yaron gari ya yi min ja-gaba in sallame shi, in kuma suka ce kar a bi ta can kwanan nan, to ba na musu.

A haka na je Riruwai, can ƙarshen Kano ta Doguwa, inda duwatsun suka fi namu tsayi nesa ba kusa ba, sanyin safiyarsu kamar ba a Kano kake ba. Ga tsofaffin ramukan haƙar kuza ruwa ya cika su ya yi kore, yaron da ya raka ni ya ce kar in ga sun kwanta lumui in ce zan yi wanka. Ya kai ni Zainabi na ga ruwa yana zubowa daga kan dutse da damina, sai kun ɗaga murya kuke jin juna. Na tsaya feshin yana jiƙa ni ina cewa wai wannan a jiharmu yake, ni kuwa na yi shekaru ina kallon irinsa a kalandar bangon shagona.

Daga nan na juya Jigawa. Dutse da Kazaure na hau nasu, suna da kyau, amma Birnin Kudu ce ta tsaya min a rai. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zanen shanu a jikin dutse ƙarƙashin rumfar kogo, da jan launi da fari, wasu sun dushe sai ka matsa ka kanne ido. Abin da na fara lura da shi, ni da na tashi cikin shanu, wasu ba su da tozo, ba irin namu na yanzu ba ne. A shekarun 1950 ne labarin zanen ya fita duniya, wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, ya yi rubutu a kan duwatsun gurin masu ƙara. Na ga irinsu, duk jikinsu 'yan ramuka saboda duka, dattijon da ya zagaya da ni ya ɗauki ɗan dutse ya ƙwanƙwasa sai ka ji kamar an bugi ƙarfe, nan amo daban can amo daban, ya ce a da har amare ake rakowa gurin ana kaɗa su. Na sa yatsa a ɗaya daga ramukan, sumul, hannu nawa ne ya daki gurin nan kafin ya lotsa haka.

Sai ƙarshen ruwan. Kogin Kano in ya baro Tiga ya haɗu da Challawa, ya wuce Wudil ya zama Kogin Haɗeja, can ƙasa ya bazu a fadamun Haɗeja da Nguru kafin ragowar ya nufi Yobe da Tafkin Chadi. Na je Baturiya a Kiri Kasamma da hunturu, don lokacin ne baƙin tsuntsaye suke zuwa daga Turai gudun sanyin can. Wani masunci ya ɗauke ni a kwalekwale da sassafe, hazo a kan ruwa, muna ratsa wata doguwar ciyawa da ta fi mu tsayi, ya ce ita ce kacala, ita ta toshe musu hanyoyin ruwa ta cinye gonaki, kuma tun da aka yi dam-dam ɗin sama ruwa ya daina zuwa da tafiya yadda ya saba ta samu gindin zama, ga jan-baki suna kwana a cikinta su fito su faɗa wa shinkafa. Na yi shiru, don Tigan da nake yabo daga saman dutse ita ce yake nufi. Muna fitowa fili sai kirinjijiya suka tashi, ban san adadinsu ba, sama ta yi duhu, kukansu kamar ana busa usur dubu, ga zalɓe a tsaye ƙafa ɗaya ko a jikinsa. Masuncin ya laluba aljihu ya nuno min wani ɗan zoben ƙarfe mai lamba da rubutun boko, ya ce a ƙafar tsuntsun da ya faɗa komarsa ya cire. Wani ne a wata ƙasa ya sa masa don ya san inda yake zuwa, ga shi ya ƙare a aljihun mai kamun tarwaɗa. Tun 2008 Baturiya tana cikin jerin dausayin duniya na Ramsar, wato yarjejeniyar ƙasashe ta kare dausayi, a ƙarshen 2020 kuma Shugaba Buhari ya amince da sababbin gandun daji na ƙasa guda 10, har da Falgore da dausayin Haɗeja. Allah Ya sa 'ya'yanmu su tarar da tsuntsayen.

Jinina ya sauka, amma kar wani ya ce na ce dutse magani ne ya watsar da ƙwayoyinsa, ina shan nawa kullum, ina zuwa awo. Na buɗe ɗan tebur ina bin kasuwannin ƙauye da yadi, saura mutum biyu in gama biyan bashi. Kawu ya rasu a 2022, Allah Ya jiƙansa, sandarsa ce a hannuna a duk hoton da kuka gani. Yanzu ranar Juma'a da safe yara biyar shida suke bi na har da babbar 'yata, masu cewa na zautu wasunsu 'ya'yansu ne a ciki.

Inna kuwa shekararta 70 da wani abu a gindin dutsen nan ba ta taɓa hawa ba, ba kuma ta taɓa tambayata me ke can ba. Rannan da yamma tana tsince wake ina zaune nesa kaɗan, sai ta ce wa 'yata, ba ni ba, "Ke, ce wa ubanki wai gidan nan ana ganinsa daga can?" Na buɗe hoton na ba yarinyar ta kai mata. Ta goge hannu a zani ta karɓa, ta kai shi kusa da ido ta mayar nesa, yarinyar tana ja mata shi da yatsa yana girma, ga dalbejiya Inna, ga rumbu, ga akuyarki. Ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba, ni kuma ina jira in ji me za ta ce. Can ta miƙo wayar ta ja faifanta.

"Ashe haka kwanon ɗakina ya yi tsatsa ba wanda ya faɗa min. Ce masa kafin damina a canza shi."